Hamsin ɗin Kawu da Hamsin ɗina

Daga Allah muke, kuma duk daɗewar da mutum zai yi, wurinSa zai koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu tafiya wata Laraba da hantsi a Bawku. Aka yi masa sutura bayan la'asar, a lokacin ni da Mma, mahaifiyar tawa, ko Bimbilla motarmu ba ta kai ba. Addu'ar uku muka samu.

Na yi zaton makiyaya da dillalan dabbobi zan tarar a ƙofar gidan, tunda aikinsa ke nan, malamin dabbobi ne. Na kuwa tarar da su. Har da wani Bafillace da ya taho daga wajen Garu, ya zauna a gefen tabarma da sandarsa tsakanin gwiwoyi tun safe har aka shafa fatiha. Amma mata sun fi su yawa, kuma mafi yawansu ba su da ko akuya. Wata mai sayar da albasa ta riƙe hannun Mma tana kuka tana ba ta labari da Hausar zango.

"Yarinya na ya yi zazzaɓi, asibiti sun ba ni magani, ni kuma ban san karatu koraa, ko harafi ɗaya. Baaba marigayin nan ne ya ɗaure zare a jikin sirinji, ya ce nan za ki tsaya, kar ki wuce. Mutumin nan yana da kirki paa."

Wani mahauci kuwa cewa ya yi shi dai marigayin ya wahalar da shi, domin sau uku yana hana shi yanka dabbar da aka yi wa allura kwanan nan. Ya faɗa yana dariya, sai dariyar ta karye masa, ya miƙe ya fita. Mma ta daure duk wannan. Sai da matar Kawu ta shigar da ita ɗakinsa, ta ga ɗan kofin awonsa rataye a ƙusa, sannan ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. A shekara goma sha tara, sau huɗu kacal ta ga yayanta.

Duk wanda ya buɗe baki a zaman nan sai ya ce Kawu bai taɓa kuskuren awo ba. Ana cikin haka wani tsoho ɗan garinmu Salaga, wanda ya zo cin kasuwa ya biyo ta'aziyya, ya sunkuyo kusa da na gefensa ya rage murya ya ce, "Sai dai fa sau ɗaya. Allah Ya yafe masa." Na ji shi sarai, kuma na yi shiru kamar yadda na saba. Wannan sau ɗayan shi ya zaunar da ni rubutun nan, domin kuskuren ba na Kawu ba ne. Nawa ne.

Kawu dogo ne siriri, mai saurin tafiya, mai sauƙin kai a komai in ban da awo. A aljihun ƙirjinsa kullum akwai sirinji marar allura, a na gefe kuma wancan kofin roba mai zane-zane, ya ɗaure shi da igiyar takalmi don kada ya ɓata. Idan ka ce masa ka zuba magani ɗan kaɗan, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Kaɗan ɗin wa? Naka ko na matarka?" Idan ka ce murfi ɗaya, sai ya ce ka je ka ɗauko murfin ya gani. Tambayarsa ɗaya ce ga kowa, manomi ne ko makiyayi ko mai jego: "Nawa cikin nawa?" Mutane sun yi ta kwaikwayonsa da ita a bayan idonsa, ya sani, bai damu ba.

Muna yara, in ya zo cin tuwo gidanmu, sai ya ajiye tsokar nama a gefen kwano ya tara mu. Ya ce lita ɗaya santilita ɗari ce, santilita ɗaya kuma mililita goma ce, to mililita nawa ke cikin lita? Wanda ya riga cewa dubu shi ke da naman. Ni nake cinyewa kusan kullum, har ƙannena suka daina zuwa. Na faɗi wannan ne don kada wani ya nema mini uzuri da rashin sani.

Da Mma kuwa rigimarsu ba ta ƙarewa. Man gyaɗa take sayarwa a kasuwar Salaga, kuma kamar kowace mai mai a layin, babbar kwalba lita take kiranta. Kawu ya zo wata rana ya kifa kwalbar ya nuna mata lambar da ke gindinta.

"Saba'in da biyar. Santilita ce wannan, mililita ɗari bakwai da hamsin ke nan. Saura rubu'i ta cika lita. Ki ce kwalba, kada ki ce lita, kin ga ba ki yi wa kowa ƙarya ba."

"Yaya, duk kasuwar nan haka ake kiranta tun kafin a haife ka kai da kofinka. Mai saye ya san abin da yake saye. In ba mai za ka saya ba, matsa mini, kana tare mini ciniki."

Bai haƙura ba. Da ya je Kumasi sai ya dawo mata da wata moɗar roba fara mai hannu, an zana mata layuka daga goma har ɗari, cikakkiyar lita. Mma ta yi mako guda tana awo da ita don ta faranta masa, daga nan ta koma kwalbarta, moɗar kuma ta koma madafa ana ɗibar ruwa da ita.

Mahaifina fataucin dabbobi yake yi, sana'ar da gidanmu ya koma bayan goro ya ja baya. Mutum ne mai riƙon magana da riƙon fushi, duka biyun da ƙarfi. Shekara goma sha tara da suka wuce, saura mako biyu Layya, ya sauko da raguna goma sha huɗu daga Bawku, zai ƙara musu jiki a gida kafin ya wuce da su Kumasi. Rabin ƙarfinsa na shekarar yana kansu. Sun zo da kaska a kunnuwa da tsakanin kofato, sai aka kira Kawu, lokacin yana zaune a nan Salaga. Ina da shekara ashirin da biyar a lokacin, sabon malamin lissafi a wata makaranta, kuma ni da Baba ba ma ga-maciji sosai, domin na ƙi kara, kasuwar dabbobi, na zaɓi alli. Yakan ce boko ya sa ina toshe hanci in na ga kashin tumaki.

Kawu ya zo da safe da sabuwar kwalbar maganin kaska, lita ɗaya, ko buɗe ta ba a yi ba. Bai zauna ba sai ga wani a kan babur, wai saniya ta kasa haihuwa a wani ƙauye, ɗan ya zo a gicciye. Baba yana kasuwa. Kawu ya dube ni ya nuna jarkar nan ruwan ɗorawa da muke kira galan.

"Mililita biyu a kowace litar ruwa. Galan ɗin nan lita ashirin da biyar take ci. Nawa ke nan?"

"Hamsin, Kawu."

"Malamin lissafi," ya ce yana dariya. "Ka haɗa galan biyu, ka wanke su tas. Kafin azahar na dawo."

Ya haye bayan babur ya tafi, kofinsa yana aljihunsa. Na duba abin awo a gidan ban samu ba, sai na tuna moɗar Mma. Na ɗauko ta, na ga hamsin a rubuce a tsakiyarta ƙarara. Na tsiyaya magani har layin, na juye a galan. Na sake cika ta har layin na juye a ta biyu. Akwai ƙananan haruffa biyu a saman layukan, kusa da hannun moɗar, ban dube su ba. Ruwan ya yi fari kamar nono, warinsa ya sa idona hawaye, duk ban tsaya ba. Da na ga kwalbar ta ƙare tas, har yaba wa masu maganin na yi a zuciyata, na ce sun yi ta daidai galan biyu.

Hamsin ɗin moɗar Mma santilita ce. Mililita ɗari biyar, rabin lita. Ninki goma na abin da Kawu ya faɗa na zuba, na kuma goga wa ragunan nan shi da tsumma har cikin kunnuwa, ina jin daɗin Baba zai dawo ya ga ɗan boko ya taɓa dabba.

Kafin rana ta take tsaka sun fara dalalar da yawu. Daga nan sai karkarwa, sai zawo, sai babban cikinsu mai ƙaho a murɗe ya durƙusa ya faɗi. Ana cikin haka Kawu ya dawo. Ya ɗaga kwalbar ya ji ba komai, ya ɗauki moɗar ya shinshina, sannan ya dube ni. Kallon bai fi na ƙiftawar ido ba, amma har yau yana nan inda ya sauka. Bai tambaye ni komai ba. Ya tuɓe riga ya ƙwala kiran a kawo ruwa da sabulu, duk ruwan da ke gidan da na maƙwabta. Muka yi ta wanke su, yana ɗura musu abin da yake da shi a jaka. Biyar suka tashi.

Baba ya shigo ya tarar da tara a kwance suna shure-shure. Ya zaro wuƙa, ya ce a kira mahauta a yanka kafin su zama mushe, ko nama a tsira da shi. Kawu ya tsaya a bakin garken ya buɗe hannuwa.

"Alhaji, naman nan ba zai shiga cikin ɗan Adam ba. Sai dai ka fara da ni."

Suka mutu ɗaya bayan ɗaya Baba yana kallo da wuƙa a hannu. Kawu ya sa aka haƙa rami can bayan gari, nesa da kowace rijiya, ya tsaya har aka rufe. Da muka dawo gida, gaban Mma da maƙwabta, Baba ya yi tambayar da nake jira.

"Wa ya haɗa maganin?"

Ina tsaye, wandona a jiƙe, hannuwana na warin abin. Kawu ya ce, "Ni ne." Na buɗe baki, na ga idon Baba, na mayar na rufe. Iyakar abin da na yi ke nan a ranar, kuma shi ne mafi munin abin da na taɓa yi. Baba ya ce masa kashe ragunan bai ishe shi ba sai da ya hana a ci namansu, kuma daga yau kada ya ƙara taka masa ƙofa. Kawu ya ɗauki rigarsa ya fita, bai ko kalli inda nake ba.

Salaga ba ta da girman da magana za ta ɓata a cikinta. Kafin Sallah kowa ya ji wai mai "nawa cikin nawa" ya kashe ragunan surukinsa. Waɗanda ya taɓa gyara wa awo a bainar jama'a suka samu abin da suke nema. Aka daina kiransa. Wanda ya yi shekara ashirin yana duba masa shanu ya koma kiran wani daga nesa. Shekara ba ta zagayo ba ya kwashe iyalinsa ya koma Yendi, daga baya ya wuce Bawku inda dangin matarsa suke. Mma ba ta taɓa zaginsa ba, amma ta yarda shi ya yi, takan ce ko gwani yana da ranarsa. Baba bai hana ta zuwa wurinsa da baki ba, sai dai in ta je ta dawo yakan yi mako bai ci tuwonta ba, sai ta rage zuwa.

Na bi shi Yendi bayan shekara ɗaya. Na tarar da shi a ɗaki biyu na haya bayan tasha, yana sayar da maganin kaji a kan tebur. Na durƙusa na ce na zo in gaya masa zan faɗa wa Baba gaskiya. Ya sa aka kawo mini shayi, ya bar ni na gama kukana.

"Ni na ba ka aiki na tafi da ma'auni a aljihuna," ya ce. "Rabin laifin nawa ne ko a gaban Allah. Kuma na san ubanka tun kafin ya auri ƙanwata. Zai iya rasa suruki ya ci gaba da cin tuwo. In ɗansa ya kora, girman kai ba zai bar shi ya kira ka ba, kuma abin zai cinye shi. Ka bari ya huce tukuna."

Daga nan ya jawo wata takarda ya miƙo mini da biro, ya ce in rubuta masa santilita hamsin mililita nawa ce, mililita hamsin kuma santilita nawa. Na rubuta ɗari biyar, na rubuta biyar. Ya duba ya gyaɗa kai. Ya ce ba don ya kunyata ni ba ne, yara nake koyarwa, kuma lamba ba ta da amfani sai an san sunan abin da ke bayanta. Ya raka ni tasha, ya saya mini ƙosai na ci a mota.

Na riƙe rabin maganarsa na yar da rabi. "Ka bari" na ji, na yi kamar ban ji "tukuna" ba. Kowace shekara in muka zo darasin awon ruwa, nakan shiga aji da moɗa da sirinji da ledar ruwa biyu, in nuna musu leda biyu lita ɗaya ce, in ba su labarin wani mutum da ya kashe raguna tara don bai dubi haruffa biyu ba. Shi ne darasin da na fi iyawa, har malamai 'yan'uwana suna leƙowa ta taga su saurara. Wani mutum nake cewa. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, Baba ya sauko ya fara alfahari da ni a majalisa, kuma duk lokacin da ya ƙara saukowa sai faɗin gaskiyar ya ƙara mini nauyi. Ni matsoraci ne, ba ni da wani suna da zan ba abin.

Bara na je gaishe shi a Bawku. Ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya fita, amma maganinsa shi yake auna wa kansa, bai yarda ko 'yarsa ta zuba masa da cokali ba. Ya yi ta tambayata Salaga. Ko bishiyar darbejiyar ƙofar masallacinmu tana nan, ko an gyara hanya, wa da wa suka rage cikin tsaransa. Ya ce yana so ya tsaya a kan kabarin mahaifiyarsu ko sau ɗaya kafin nasa ya zo. Na ce ai sai in zo in ɗauke shi. Ya ce ta wace ƙofa zai shiga, ga gidan ƙanwarsa a garin shi kuma ya je ya sauka a masaukin baƙi? Ya juya kofinsa a hannu, sannan ya ce, ba da faɗa ba, kamar mai tambayar lafiyar gida:

"Na ce ka bari ya huce. Har yanzu bai huce ba ne?"

Na ce zan faɗa masa, Kawu, bayan Sallah. Ya ce to, Allah Ya kai mu. Sallar ta zo ta wuce, wata ta sake ƙaratowa, sai wayar 'yarsa ta zo ranar Laraba. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci, Ya cika masa mudunsa na lada har ya zuba, Ya saka masa abin da na ci masa.

Baba bai je ta'aziyya ba, ya ce gwiwa. Ya kusa tamanin yanzu, yanar ido ta rufe masa gani, wuni yake a zaure kan buzunsa. Mma ta tsaya Bawku sai an yi bakwai, ni na dawo saboda makaranta. Washegari bayan la'asar ya aika aka kira ni. Na zauna a gabansa, ya tambayi yadda aka yi jana'iza, ko an samu jama'a. Na ce an samu sosai. Ya ɗan jima yana jan carbi.

"Kwana uku ban samu sukuni ba," ya ce. "Mutum ya tafi, raguna kuma me ne ne. Na riƙe abin nan ya yi yawa. Gobe ka je wurin liman, ka ce ya sanar ranar Juma'a cewa na yafe wa kawunka duniya da lahira. Ka kira uwarka ma ka gaya mata."

Fuskarsa ta saki yadda ban gan ta ba da daɗewa. Ya sauke kaya, yana jira in ce masa ya kyauta. Da na ce ya kyauta da shi ke nan, ranar Juma'a a sake karanta wa Salaga laifin Kawu daga bakin liman, a ce amin.

"Baba, ba za a sanar ba. Babu abin da za ka yafe masa. Ni na haɗa maganin."

Na faɗa masa duka. Saniyar da ta kasa haihuwa, da moɗar Mma, da Yendi, da abin da Kawu ya tambaye ni bara. Bai katse ni ba. Carbin ya tsaya a hannunsa tun a jimlar farko. Na jira zagi, na jira ya ce in fita masa daga gida, wallahi da ya faɗa da na ji sauƙi. Wata mai tallan koko ta wuce ta ƙofar zaure, aka kira ta daga gidan da ke kallonmu, muna jin ana zuba wa mai saye.

"Ya so ya zo?" Baba ya tambaya.

"Ya so."

Ya laluba bango da hannu kamar zai miƙe, sai ya koma ya zauna. Ya juyo da fararen idanunsa wajena, ba daidai inda nake ba, ɗan gefe kaɗan.

"Kai ka samu wanda za ka durƙusa wa," ya ce. "To ni fa? Wa zan roƙa yanzu?"